Tukunya a Bayan Mota: Shin Ana Sayen Karamci?

Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma wata al'adar Amurkawa ce ta fito mini da ita fili. Idan mutum ya biya kuɗi aka tarbe shi, aka yi masa shimfiɗa, aka ciyar da shi da fara'a, shin an karrama shi ne ko an sayar masa da haja? Idan kuma ya yi tafiyar kwana da kwanaki domin ya ga yadda wasu mutane ke shagalinsu, akwai haƙƙin da ya hau kansa, ko kuɗin mota da na masauki sun sauke masa komai? Wani zai ce ai wannan zancen masu ƙoshi ne. Ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, zancen zai zagayo ya iso ƙofar gidanmu.

A Amurka, daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba, ranar Asabar ta ƙwallon jami'o'i ce. Ƙwallon tasu ta fi kama da zari-ruga, 'yan wasa na sa hular kwano suna karo kamar raguna. Wasan da ake lissafawa a matsayin na farko tsakanin jami'o'i an yi shi ranar 6 ga Nuwamba 1869, tsakanin Rutgers da Princeton. Yau abin ya girma har ya wuce misali. Filin wasan Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601. A jihar Nebraska kuwa, tikitin kowane wasan gida yana ƙarewa tun daga shekarar 1962, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin filin sun fi mazauna kowane gari a jihar yawa, in ka cire manyan biranenta biyu.

Amma abin da ya ja hankalina yana faruwa ne a wajen filin. Tun da asuba, wasu ma tun daren Juma'a, mutane ke cika wuraren ajiye motoci da filayen ciyawa na jami'a. Kowa ya sauke murfin bayan a-kori-kurarsa ya mai da shi teburi, ya kafa rumfa, ya hura gawayi, ya ɗora tukunya. Daga sunan wannan murfin bayan mota al'adar ta samo sunanta, telget. A yi ta gashi da dahuwa da hira har lokacin wasa ya yi. Da yawa ma ba sa shiga filin, sai su kafa talabijin a rumfa su kalli wasan da ake bugawa 'yan taku kaɗan daga inda suke zaune. Akwai iyalan da suka shekara talatin suna kafa rumfa a wuri ɗaya, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Kowane gari da salonsa. A Jami'ar Misisipi da ke garin Oxford akwai wani fili mai manyan itatuwa, kusan hekta 4, ana ce masa Grove. Can sai ka ga rumfuna da shimfiɗar teburi da furanni da fitilun ado na rataye, mutane sun sha kwalliya kamar masu zuwa ɗaurin aure. A Baton Rouge ta jihar Luwiziyana manyan tukwane ake girkawa, a dafa jambalaya, wadda 'yar uwar dafa-duka ce, da wata miya da suke kira gumbo. Wanda ya san Faransanci zai ji kuɓewa a cikin sunan, kuma asalin kalmar daga Afirka ta ƙetara teku tare da bayi. A Knoxville ta jihar Tenesi filin wasan yana bakin kogi ne, saboda haka a kan ruwa ake shagalin. Wanda ya fara abin ɗan sana'armu ne, wani mai sharhin wasanni a rediyo mai suna George Mooney, wanda a 1962 ya gaji da cunkoson motoci ya shiga ƙaramin jirgin ruwa ya tafi aiki. Yau jiragen ruwa sama da 100 kan yi sahu a wurin ranar wasa.

Kafin in faɗi abin da ya burge ni, bari in kawo ƙarar da ake kai wannan al'ada, domin ƙara ce mai nauyi. Ta farko almubazzaranci: naman da ake gasawa, man da ake ƙonawa, sharar da ake bari. Ta biyu barasa. Wasan da ake yi tsakanin Filorida da Jojiya a birnin Jacksonville ya yi suna da shaye-shaye har aka yi masa laƙabi da taron shan giya mafi girma a duniya, kuma a 2006 shugabannin jami'o'in suka nemi gidajen talabijin su daina amfani da laƙabin bayan an yi asarar rayukan matasa. Ta uku ita ce ta samarin da ke cikin filin. Shekara da shekaru ana tara miliyoyin daloli da guminsu, masu horar da su na karɓar albashin da ya kai dala miliyan 10 ko fiye a shekara, su kuwa doka ta hana su karɓar komai bayan tallafin karatu. Sai a 2021 aka ba su damar cin kuɗin sunansu da hotonsu, sai kuma a 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda zai yabi walimar waje, ya tuna da wanda ake bugawa a ciki.

Duk da haka, akwai abu ɗaya a cikin al'adar da nake ganin ya cancanci a tsaya a dube shi. Rumfunan nan ba su da ƙofa. Mutum ya kawo ɗakin girkinsa da falonsa ya ajiye a tsakiyar jama'a, babu bango, kuma ya dafa abin da ya fi ƙarfin cikin iyalinsa da gangan. Abin alfahari a wurin mai rumfa shi ne ya kira wanda ke wucewa ya miƙa masa faranti, har da wanda ya sa rigar abokan hamayya. Za a yi masa ba'a, a tsokane shi irin tsokanar taubasai, amma ba zai tafi da yunwa ba. Wannan a ƙasar da ake yawan kukan kaɗaici, inda mutum kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Sau shida ko bakwai a shekara, adadin wasannin gida ke nan, sai mutanen nan su fito su yi abin da kakanninmu ke yi kullum a zaure, wato su ajiye kwano inda mai wucewa zai iya sa hannu.

Saboda haka ban yarda da mai cewa duk nishaɗi ɓata lokaci ne ba. Ɗan Adam yana bukatar taron da ba na neman riba ba, ba na jana'iza ba, taron da dalilinsa kawai a haɗu. Ƙwallon dalili ne da aka rataya haɗuwar a jikinsa, kamar yadda mu ke rataya tamu a jikin suna da kamun kifi da kokowa. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafa tana son a ba ta rana da wuri. Wanda ya tuƙa mota awa takwas domin ya soya nama tare da abokan karatunsa na shekara ashirin da suka wuce, ni ban ga wawa ba, na ga mai biyan bashin zumunci.

To, daga nan ne tambayata ta taso. Da abin ya yi suna, sai marubutan yawon buɗe ido suka shigar da shi jerin wuraren da ya kamata mutum ya gani kafin ya mutu: ka je Grove a watan Oktoba, ka hau jirgi a Knoxville, ka ɗanɗani gumbo a Baton Rouge. Otal-otal na ƙananan garuruwan nan kan ninka farashi a ƙarshen makon wasa. Sai kuma kamfanoni suka shigo, suka ƙulla yarjejeniya da jami'o'i, suna sayar da walima shiryayya. Ka biya ta intanet, ka zo ka tarar an kafa maka rumfa a wuri mai kyau, an jera kujeru, an haɗa talabijin, an kawo abinci daga gidan abinci. Ba ka hura wuta ba, ba ka wanke tukunya ba. In an tashi ka kaɗe rigarka ka tafi. A ido, rumfar da aka saya da wadda aka gada iri ɗaya ne, wataƙila ma ta sayen ta fi kyau. Me ya bambanta su?

Amsar da na samu, a wurin iyayenmu mata na same ta, a al'adar biki. Idan ƙawarki ta kawo miki gudummawa ranar bikin 'yarki, ba a biyanta nan take. Ana riƙewa ne a rai, wasu har a rubuce, sai ranar nata bikin a mayar mata, galibi da ƙari. Ƙarin nan shi ne sirrin, domin yana hana lissafin rufuwa. Kullum akwai wadda ake bi, kullum akwai dalilin sake haɗuwa. Ciniki kuwa an gina shi ne domin lissafi ya rufu. Na ba ka jaka biyar, ka ba ni kaya, mun rabu babu mai bin wani, kuma wannan shi ne kyawunsa a kasuwa. Kyauta tana ɗaure mutane biyu, biya yana kwance su. Wanda aka miƙa wa farantin nama a rumfar wani ya tafi da ɗan bashi a wuyansa, ko da ba zai sake ganin mai rumfar ba har abada. Zai biya shi ga wani baƙon, a wani garin. Wanda ya sayi rumfa ya tafi da rasiti.

Wannan ne ya sa nake ganin karamci ba ya sayuwa, ko da ana iya sayen duk kayan aikinsa. Ana sayen tabarma, amma Hausawa sun riga sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Fara'ar ma'aikacin da aka biya tana iya zama ta gaskiya, mutumin kirki ne yana aikinsa, kuma ya cancanci ladansa da godiya. Sai dai ba shi da zaɓin ƙin tarbarka, kuma tarbar da babu zaɓin ƙi a cikinta hidima ce. Abin da ke sa farantin mai rumfa ya yi daɗi shi ne yana iya barinka ka wuce, amma ya kira ka.

Na san akwai mai ja da ni a nan, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce: kai mai yabon gado da kyauta, ka tambayi wa ake kira, wa ake bari ya wuce? A shekarar 1962, shekarar da Mooney ya shiga jirginsa, wani baƙar fata mai suna James Meredith ya nemi shiga Jami'ar Misisipi. Sai da aka yi tarzoma 'yan taku kaɗan daga filin Grove, mutum biyu suka mutu, shugaba Kennedy ya tura sojoji, sannan ya zama baƙar fata na farko da ya yi rajista a can. A zamanin, baƙar fatar da zai yi tafiya da mota a Amurka sai ya riƙe wani ɗan littafin jagora, Green Book, wanda Victor Hugo Green ya fara bugawa a 1936, domin ya san otal da gidan abincin da za su karɓe shi. Abin da mutanen nan suka yi gwagwarmaya a kai, har dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta tabbatar musu, shi ne haƙƙin a karɓi kuɗinsu kamar na kowa. Karamci yana zaɓe, kuma sau da yawa yana zaɓen wanda ya yi kama da mai gida. Kuɗi ba ya tambayar launinka ko sunan kakanka. Ga wanda ba shi da rumfar gado, sayen rumfa shi ne hanyar shiga.

Na karɓi wannan hujja, kuma ta gyara mini iyakar maganata. Ciniki bene ne na ƙasa wanda dole a tabbatar wa kowa, domin kada mutuncin mutum ya dogara ga son ran wani. Al'ummar da ba ta da shi azzaluma ce ko da tana da fara'a. Sai dai al'ummar da ta tsaya a kansa kaɗai ta zama tasha, kowa da tikitinsa, babu mai sanin wani. Saboda haka ma'aunina ga kowace rumfa, ta gado ko ta saye, guda ɗaya ne: shin akwai gefen da aka bari a buɗe? Wanda ya sayi rumfa ya kira mai wucewa ya ci, ya mai da hajar da ya saya karamci. Wanda ya gaji rumfa ya kewaye ta da igiya, yana duba fuska kafin ya miƙa faranti, ya gaji katako da tamfol ne kawai. Akwai ma wani gefen da ake mantawa. A Grove, tun ranar Juma'a ma'aikata ke jera garewanin shara masu launin ja da shuɗi, wasu su kwana suna kafa rumfunan masu kuɗi, kuma bayan kowa ya watse su ne ke kwashe tarkace. Mai rumfar da ya ciyar da baƙo daga wata jiha ya manta da mai sharar da ke tsaye a bayansa, karamcinsa na hoto ne.

Saura matafiyi, wanda ya je gani. A Hausa muna da kalmomi biyu da bai kamata a haɗa su ba, baƙo da ɗan kallo. Ɗan kallo yana tsayawa a gefe, ya ɗauki abin da idonsa ya ɗauka ya tafi. Baƙo yana yin sallama, ya faɗi daga inda ya fito, ya zo da tsaraba komai ƙanƙantarta, ya zauna inda aka nuna masa, ya yi ban kwana kafin ya tashi. An ce baƙonka annabinka, amma an kuma ce baƙo raɓa ne, kuma raɓa tana jiƙa ganye kafin ta tafi. Yawon buɗe ido na zamani yana koya wa mutum ya ci abincin baƙo da zuciyar ɗan kallo: a ba shi faranti, ya ɗauki hotonsa, ya sa a Facebook, bai tambayi sunan wadda ta dafa ba. A ganina wannan ƙaramar sata ce, ko da babu dokar da ta hana ta.

Ga 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Amurka, waɗanda wasunsu ke sauraronmu ta waya, shawarata ita ce idan aka gayyace ku irin wannan taro ku je, amma ku je a matsayin baƙi. Ku riƙe wani abu a hannu, ko kilishi ne ko jarkar zoɓo. Za ku tarar da naman alade da giya a rumfuna da yawa, kuma babu laifi mutum ya ce ba ya ci ba ya sha, ya faɗi dalilinsa cikin ladabi, ya ɗauki abin da ya halatta gare shi. Mai gidan kirki zai girmama wannan, sau da yawa ma daga nan hira ke farawa. Baƙon da ya faɗi abin da ba ya ci ya ba mai gida damar saninsa, wannan ma tsaraba ce.

Na ce zancen zai iso ƙofar gidanmu. A nan Nijar muna da gasar kokowa ta ƙasa tun 1975, takobi yana zagaya jihohi, kuma duk garin da ya karɓi baƙuncinta yakan cika ya batse. A aikin rediyo na ga yadda abin yake: gidaje su buɗe zaurukansu ga mutanen da ba su taɓa gani ba, a ƙara tukunya, Bamaraɗe ya kwana a gidan Badamagare suna musu a kan ɗan kokowa har dare ya raba. Filin kokowar yana ɗaukar wasu dubbai, amma garin gaba ɗaya ne ke yin walimar. Muna kuma da taron Cure Salée na Ingal a ƙarshen damina, da Gerewol na Wodaɓe, inda masu kyamara daga nesa suka daɗe suna zuwa. Duk lokacin da aka yi zancen bunƙasa yawon buɗe ido ina goyon baya, domin mai tuwo da mai ɗan sahu da mai masauki suna da iyali, kuma halal ne su ci guminsu. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a jera kujerun masu kuɗi a gaba a kewaye su da igiya, a mai da masu bikin 'yan wasan kwaikwayon al'adarsu, zaure kuma ya koma ɗakin haya. Ranar nan za a samu kuɗi, amma abin da ya sa mutane ke tahowa tun farko zai fara ƙafewa, kamar rijiyar da aka yi wa yawan ɗiba.

Mu kanmu matafiya ne. Muna zuwa hawan sallah a Kano da Katsina, muna zuwa Argungu, wayoyinmu a sama. Kafin mu zargi Bature da kyamararsa, mu tambayi kanmu sau nawa muka yi sallama ga mai dokin da muka ɗauki hotonsa, ko muka tambayi masuncin nan sunan garinsu.

Abin da na tsaya a kai shi ne, a sayar da ɗaki, a sayar da kujera, a sayar da tikiti, kuma a sayar wa kowa ba tare da duba fuska ba. Amma kowane mai taro ya ware wani kwano wanda ba na sayarwa ba, ya ajiye shi inda mai wucewa da mai shara za su iya kaiwa. Kowane matafiyi kuma ya san cewa idan ya sa hannu a wannan kwano ya ɗauki bashi, kuma wurin biyansa shi ne ƙofar gidansa, ranar da wani baƙon ya yi masa sallama.